In babban mutum ya gayyace ka buga golf a Abuja, ga yadda za ka yi kar ka ba shi kunya

Ƙanena ne ya kira ni shekaranjiya da daddare murya na rawa, wai ogansu na ofis ya ce ya zo ranar Asabar su buga golf a kulob ɗin da yake memba, shi kuwa duk rayuwarsa sau huɗu ko biyar ya taɓa riƙe sandar, shi ma a filin gwaji. Me zai sa, nawa zai riƙe, in ƙwallo ta faɗa ruwa ya zai yi, haka muka yi ta yi har cajin wayata ya kusa ƙarewa. Shi ne na ce bari dai in rubuta gaba ɗaya, don ni ma ranar da maigidana ya fara kai ni ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa min komai, kuma na sha kunya ba kaɗan ba.

Abin da na fara gaya masa shi ne ya cire tsoron rashin iyawa daga ransa. Wallahi ba wanda ya damu da cewa ba ka iya ba, rabin manyan da kake gani a filin nan su ma ƙwallon tasu daji take nufa. Abin da ake kallo shi ne ko ka san yadda ake zama a wurin, kuma ko kana ɓata wa mutane lokaci. Kulob irin wannan na membobi ne, kai ba ka da suna a can, sunan wanda ya kawo ka ne a littafi, shi ya sa hannu ya shigo da kai, in ka yi abin da ba daidai ba ba kai za a kira ba, shi za a ja gefe a yi wa magana. To duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Ga wanda bai san harkar ba, golf shi ne abin da 'yan jarida ke cewa ƙwallon lambu. A nan Abuja wanda aka fi sani shi ne filin IBB da ke Maitama kusa da dutsen Aso, rami 18, wato ramukan da ake bi ɗaya bayan ɗaya ana saka ƙwallo ciki, an buɗe shi a 1991, shekarar da gwamnati ta taso daga Legas ta dawo nan. Amma wasan ya daɗe a ƙasar nan fiye da haka nesa ba kusa ba, filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, Turawan haƙar kuza ne suka kafa shi, akwai kuma na Kano da na Kaduna da Ikoyi a Legas. Kowanne da nasa dokokin cikin gida, saboda haka abin da mai gayyarka ya faɗa maka ya fi nawa, ni dai abin da kusan ko'ina ake yi zan kawo.

Ka fara da tambaya tun kafin ranar, matambayi ba ya ɓata. Ka kira shi ko ka tura masa saƙo: ranka ya daɗe, ƙarfe nawa za mu fara, wane kaya ake sawa, zan zo da sanduna ko akwai na haya, kuɗin baƙo ni zan biya a ina. Wannan ta ƙarshen mutane na jin nauyinta amma ka yi ta. Akwai kuɗin da baƙo ke biya kafin ya shiga fili, sau da yawa mai gayyar zai ce bar shi kawai, to ka yi godiya ka bari, kar ka tsaya ja-in-ja a gaban kanta kana zaro kati, amma dai ya san ka yi niyya. Kuɗin mai ɗaukar jaka kuwa ka ɗauka naka ne, ka riƙo tsabar kuɗi a aljihu don kar a gama wasa ka tsaya kana ta fama da tiransifa netwok na yi maka wulaƙanci yaro na tsaye a rana.

Sai kaya, nan ne aka fara kayar da ni. Na zo da wandon jins sabo fil da riga mara kwala ina ganin na haɗu, ban ma kai ga fili ba wani ma'aikaci ya tare ni cikin ladabi ya ce yallaɓai ba a shiga da wannan. Ƙarshe a shagon kulob na sayi riga da wando, kuɗin da na biya har yau in na tuna sai na ji wani abu a ƙirjina, maigidana kuwa bai ce komai ba, shirun nan ya fi faɗa ciwo. Abin da ake so riga mai kwala, wando na yadi dogo ko gajere mai kyau wanda ya kai gwiwa, bel, kuma ka yi zanzaro. Ba jins, ba rigar Arsenal ko Barcelona, ba silifas, ba kaftani ko jallabiya a cikin fili ko da kuwa shaddar ta fi kayan kowa tsada, dama kuma ba za ka iya juya sanda da ita ba. Takalmin golf in kana da shi, in babu kambas mai tsafta yana yi a wurare da yawa amma shi ma ka tambaya. Hular hana-sallah saboda rana, safar hannu ɗaya tak, ta hagu in kai mai bugu da dama ne. Mata kuma ba dole sai gajeren siket ba, dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan ƙaramin hijabi ana bugawa da su lafiya lau.

Ka iso da wuri. In an ce ƙarfe 7:30 to ba lokacin isowarka ba ne, lokacin da za a buga ƙwallon farko ne, kuma akwai mai kula da jerin masu fita, in kun wuce lokacinku wasu za a saka. Ka ba kanka minti 45 ko awa guda, musamman in daga Kubwa ko Mararaba za ka taso, ka san halin hanyar. A geti ka faɗi sunan wanda ya gayyace ka, in ka riga shi zuwa ka jira shi inda aka nuna maka kar ka kama yawo kana leƙe-leƙe. Takalmi a ɗakin canja kaya ake sawa, ba a bakin but ɗin mota ba. In da lokaci ka je filin gwaji ka buga ko ƙwallo ashirin jiki ya saki, sannan ka ɗan gwada gangara ƙwallo a kan lallausar ciyawa irin wadda ke kewaye da rami, don saurinta zai ba ka mamaki, musamman in a irin filayen arewa ka koya inda a wasu wurare yashi ne da aka cakuɗa da mai a kewayen rami maimakon ciyawa.

Jaka kar ta wuce sanda 14, doka ce, ko da yake kai sabon shiga biyar ko shida ma sun ishe ka. Ƙwallaye ka zo da su da yawa, tsofaffi masu araha, aƙalla dozin, ka yi musu ɗigo da maka don ka gane naka. Roƙon ƙwallo a rami na bakwai saboda naka sun ƙare ba ƙaramin abin kunya ba ne.

Yanzu mai ɗaukar jaka, wanda ake ce wa kadi. Da ɗan gari akan ci gari, yaron nan shi ne ɗan garin. Kullum yana cikin filin, ya san inda ƙasa ta karkata, ya san wace sanda za ta kai ka, da yawansu in aka ba su sanda sai su ba ka ratar bugu ashirin su cinye ka, ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan da dama daga ɗaukar jaka suka fara. Ka tambayi sunansa ka riƙa kiransa da shi, ka faɗa masa gaskiya tun farko cewa kai sabo ne ya riƙa tuna maka abin da ya kamata a hankali. Nawa na ranar farko ɗan Jos ne, Hausa a bakinsa kamar me, shi ne ya riƙa raɗa min "oga tsaya nan", "oga kar ka taka can", ba don shi ba da ban san iya ɓarnar da zan yi ba. In kun tsaya shan ruwa bayan rami tara ka saya masa shi ma. Kuma don Allah in ka buga ƙwallo ta shiga daji kar ka juyo kana yi masa tsawa, ba shi ya buga ba, kuma manyan da kuke tare suna lura da yadda kake yi wa na ƙasa da kai fiye da yadda kake zato.

Wurin bugun farko nan ne gaban kowa ke faɗuwa, don mutane na tsaye suna kallo. Akwai alamomi biyu a ƙasa, ka kafa ɗan fegin da ake ɗora ƙwallo a kai a tsakaninsu ko baya kaɗan, ba gaba ba. In an ba ka zaɓi ka ɗauki alamomin da suka fi kusa da rami, ba ragwanta ba ce. Kuma ba dole sai babbar sandar nan direba ba, ka ɗauki wadda ka fi yarda da ita ko da ba ta nisa, ƙwallon da ta yi mita ɗari a tsakiyar fili ta fi wadda ta yi ɗari biyu ta faɗa rafi. In ka kai bugu ka zabgi iska ƙwallo na nan zaune tana kallonka, a doka an ƙirga bugu ɗaya, ka yi dariya ka sake. Wani lokaci mai gayya zai ce ɗauki wata ka sake ba a ƙirga ba, wannan kyauta ce tsakanin abokai ba doka ba, in an ba ka ka karɓa amma kar ka roƙa.

In wani zai buga, shiru. Ba magana, ba motsi, ba buɗe zif ɗin jaka, ka tsaya can gefe inda ba ya ganinka ta wutsiyar ido, kar ka tsaya daidai bayansa ko gabansa. Waya kuwa ka kashe mata murya tun daga mota. Kuskurena na biyu kenan, maigidana ya ɗaga sanda sama sai wayata ta ɗauki ƙara, ƙwallonsa ta tafi cikin bishiyoyi, ya juyo ya kalle ni ya ce "Malam, an gama kiran?" A gasar Masters da ake yi a Augusta can Amurka ko 'yan kallo ba a barinsu su shiga da waya, to ka ga abin ba mu muka ƙirƙiro ba. Hoto ma ka bi a hankali, a irin waɗannan wuraren za ka iya cin karo da minista ko tsohon janar ko jakada cikin gajeren wando, ya zo ne don ya huta da kyamara, kar ka ɗauke shi, kar ka je neman salfi. Fili da bishiyoyi ka ɗauka in mai gayyarka ya ce ba komai.

To ga babban abin, sauri. Rami 18 na mutum huɗu bai kamata ya wuce awa huɗu zuwa huɗu da rabi ba, kuma akwai wasu a bayanku suna jira, in kuka tsaya kowa ya tsaya, kuma sunan mai gayyarka za a ambata a baranda ana cewa su wane ne suka tare hanya yau. Tun wani na bugawa kai ka gama zaɓen sanda, in layi ya zo kanka gwaji ɗaya ya isa, dokar ma shawarar da ta bayar kar bugu ya wuce daƙiƙa 40. Ƙwallo in ta ɓata minti uku kacal ake nema, da minti biyar ne aka rage a 2019, in ba a gani ba ka haƙura. Kowane rami akwai adadin bugun da aka yanka masa, uku ko huɗu ko biyar, shi ne suke ce wa faa, jimilla yawanci 72. In ka ninka adadin ba ka shiga rami ba, misali ramin huɗu ka yi takwas, ɗauki ƙwallonka ka sa aljihu ka ce "na ɗauka", ka bi su zuwa na gaba. Wallahi wannan kaɗai sai ya sa a sake gayyatarka. Bisa al'ada wanda ya fi nisa da rami shi ke fara bugawa, amma yanzu in ba gasa ba ce wanda ya shirya ya buga, ka dai duba yadda su suke yi.

Dokoki suna da yawa, hukumomi biyu ke rubuta su, R&A ta garin St Andrews a Sikotilan da USGA ta Amurka, amma kaɗan za ka buƙata ranar. Jajaye ko rawayen turaku na nufin wurin ruwa ko makamancinsa, in ta faɗa ka ƙara bugu ɗaya a lissafinka ka saki wata daga daidai tsayin gwiwa inda kadi ya nuna maka, kar ka naɗe wando ka shiga ruwa neman ƙwallo, ba ka san me ke ciki ba. Fararen turaku iyakar fili ce, in ta fita ka ƙara ɗaya ka sake bugawa daga inda ka buga. Ramin yashi kuma kar sandarka ta taɓa yashin kusa da ƙwallo kafin bugu, in ka fito a share sawunka da manjagara, kadi zai yi amma ka tabbatar an yi. In ka tsinke ciyawa da sanda a mayar da ita ko a cike gurbin da yashi. In kuma ƙwallonka ta nufi inda mutane suke ka ƙwala ihu da ƙarfi "Fooo!" kar kunya ta hana ka, ƙwallon nan ba ta kai giram 46 ba amma tana fasa kai, in kai ma ka ji an yi ihun ka duƙa ka rufe kai, ba waige ake yi ba.

Lallausar ciyawar da ke kewaye da tuta, girin, ita ce wurin da aka fi ji da shi a filin. Ba a jan ƙafa, ba a ajiye jaka, ba a hawa da 'yar motar nan da ake yawo da ita a fili. Tsakanin ƙwallon kowa da rami akwai layin da ba a gani, kar ka taka shi, ka zagaya, kar kuma inuwarka ta faɗa kai lokacin da mutum zai buga. In ƙwallonka na kan hanyar wani ka sa 'yar alama ko kwandala a bayanta ka ɗauke. Faɗin ramin bai kai santimita 11 ba, kuma nan ne za ka ga babban mutum ya yi shiru kamar mai lissafin gado, to kai ma yi shiru. In ta rage kaɗan suka ce maka ɗauka an ba ka, ka ɗauka ka ce na gode.

Lissafi kuwa ka faɗi gaskiya. Ba alƙalin wasa da ke bin ku a irin wannan wasan, kowa shi ke ƙirga nasa, in tara ka yi ka ce tara. Mutanen nan suna ƙirga naka a zuci ko ba su nuna ba, kuma wanda ya rage bugu ɗaya a wasan da ba ko sisi, me kake so su ɗauka game da shi a kan kwangila? In an tambaye ka handikaf, wato kimanin bugun da kake ɗarawa a kan 72 ɗin nan, wanda mafi yawansa 54 ne, in ba ka da shi ka ce ba ka da shi, kar ka ƙirƙiri lamba don rami biyu za su tona ka. Wasu rukunin suna sa 'yan kuɗi a kan wasa, in ba ka yi ka ce "ni dai a bar ni a waje ranka ya daɗe" tun a rami na farko, ba mai tilasta ka, wa'azi ne kawai ba a kira ka yi ba.

Na san abin da ke ran mutane da yawa, Abuja ce, ana ganin filin golf nan ake raba kwangila. Kar ka kuskura ka zo da fayil ko takardar neman aiki a jaka. Awa huɗu za ku yi tare kuna tafiyar kilomita bakwai ko fiye, in yana son maganar aiki shi zai ɗauko ta, in bai ɗauko ba to ya ga halinka dai, kuma dama abin da ya kawo ka ya gani kenan. Sauran 'yan rukunin ma ka gaishe su da girmamawa ka tsaya nan, ba karɓar lambar waya.

Yanayi ma ka yi masa shiri. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ranar Abuja ba ta da wasa, ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo. Da damina in ka ji tsawa ko ka ga walƙiya ko an busa jiniya a bar fili nan take, ƙarfe ne a hannunka a fili fetal, kuma ƙarƙashin bishiya ba mafaka ba ce. Da hunturu ƙasa ta bushe ƙwallo na gudu fiye da yadda ka saba. In da safe kuka fara za ku gama kafin azahar, in da rana ne ka yi lissafin la'asar tun da wuri ka tambayi inda ake sallah, kar sai kuna tsakiyar rami na goma sha uku ka tsayar da mutane.

In an gama rami na 18 a cire hula a yi musabaha da kowa har da kadi, ka sallame shi da abin da ya fi ƙa'ida in ya kyauta maka, in ba ka san nawa ake bayarwa ba ka tambayi mai gayyarka a gefe. Ka karkaɗe takalmi kafin ka shiga ciki, a wurare da yawa ba a zama da hular wasa a ɗakin cin abinci. Kar ka gudu gida nan take, zaman bayan wasan nan rabin gayyatar ne, ka zauna ko minti talatin ka sha lemo ko chapman, in wasu na shan abin da ba ka sha ba ruwanka. Wasu kulob memba ne kaɗai ke sa hannu a takardar kuɗi, saboda haka kar ka yi odar kamar ka zo walima. Washegari ka tura masa saƙon godiya gajere, kuma kar ka haɗa da "yaushe za mu koma".

Shi ƙanen nawa na ba shi aron jakata da riga mai kwala guda biyu ya zaɓa, da tsofaffin ƙwallaye goma sha biyar. Na ce masa jakar da rigunan nake so su dawo, ƙwallayen kuwa na riga na yafe.